Cikin da Ya Ƙi Tukunya

Cikina na fari ya zo mini da abin da ban taɓa ji a danginmu ba, ya raba ni da tukunya. Laulayi kowace mace ta san shi, ya yi 'yan watanninsa ya wuce. Nawa zama ya zo yi. Da an ɗora girki a gidanmu na Daura, ko maƙwabta sun soya albasa, sai zuciyata ta tashi in ruga bayan ɗaki. Nama ko hango shi ba na son yi. Ƙwai da nono ma suka bi sahu. Abin da cikina ya yarda da shi ɗanye ne kawai: karas, latas, tumatir, gwanda, sai aya da dabino.

Da farko har daɗi nake ji, jikina sakayau. Wata ƙawata ta turo mini bidiyo a waya, wai ɗanyen abinci shi ne lafiya, na ƙara samun ƙarfin gwiwa. Surukata, wadda muke gida ɗaya muna kiranta Inna, ita ce ba ta gamsu ba.

"Yarinyar nan, zomo za ki haifa mana?" in ji ta, tana kallon kwanon latas ɗina. Muka yi dariya, amma na ga damuwa a fuskarta.

Wata safiya ina shanya sai jiri ya kwashe ni, na dafe bango. Ranar awona ba ta zo ba, amma ban jira ba. Na ce wa maigidana ya fito da babur.

Malamar awon, wata dattijuwa mai fara'a, ta duba cikin idona da tafin hannuna, ta sa aka gwada jinina. Ya yi ƙasa. Ta tambayi abin da nake ci, na faɗa mata ban rage komai ba.

Ta ce, "'Yata, ganye da 'ya'yan itace abinci ne mai kyau, amma saurin cika ciki gare su, ba su riƙe mutum biyu. Kina buƙatar abin gina jiki da abin ƙara jini. Kuma akwai bitamin B12, ba a dogara da tsiro wajen samunsa, sai nama da kifi da ƙwai da nono. Ƙwaƙwalwar abin da ke cikinki tana buƙatarsa."

Na ce, "Wallahi ba taurin kai ba ne, Hajiya. In na ci dawowa yake yi."

"Na yarda. To mu bi ta ƙofar da jikinki ya buɗe."

Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin ɗin. Ta ce in haɗa su da lemo, ban da shayi. Ta ja kunnena kan wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, ta ce gishirinmu ya zama mai sinadarin aidin, kuma kada in kuskura in ci ɗanyen wake.

Daga ranar na mai da cin abinci aiki. Maigida ya kawo gero daga gonarsu ta Zango, ya sayo riɗi da gyaɗa a kasuwar Mai'adua. Inna da kanta ta ɗauki taɓarya tana daka mini gumba, ni kuma in zuba riɗi da dabino. Zogale na shanya a inuwa, na daka, ina barbaɗawa a kan tumatir da man gyaɗa. Ƙwayoyin nan suna tayar mini da zuciya, amma ban taɓa ɓoye ko ɗaya a ƙarƙashin katifa ba, kamar yadda na ji wasu suna yi. In na ji ba zan iya ba, sai in dafa cikina in haɗiye.

Duk da haka maganar malamar tana raina: ɗanye kaɗai ba zai isa ba. Na zauna ina lura da kaina, sai na gane ba dafaffen abincin ne abokin gabata ba, tururinsa ne. Na roƙi Inna ta sa a dafa mini wake a gidan ƙanwarta da ke bayan layinmu, a bari ya huce sarai kafin a kawo. Aka kawo. Na kai loma ɗaya baki, Inna ta tsaya riƙe da tasa tana jiran abin da zai biyo baya. Shiru. Na ƙara, na ƙara, har na ga gindin kwano.

"Alhamdu lillahi!" Inna ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, maƙwabta suka leƙo suna tsammanin haihuwa ce.

A awo na gaba malamar ta dubi sakamakon, ta dube ni. "Jini ya ƙaru. Wannan aikinki ne." Ban tafi goyon ciki gidanmu ba, don nan ya fi kusa da malamar.

Na haifi mace, kakkaura, da kukanta mai ƙarfi. Malamar ta ce kada in ajiye ƙwayoyin, domin mai shayarwa ma tana buƙatarsu, kuma abin da babu a jikina ba zai fito a nonona ba. Kunun jego ma sai ya huce nake sha. A hankali nonon shanu ya shiga, ƙwai ya biyo baya. Nama shi ya fi daɗewa, sai da yarinya ta fara rarrafe na iya cin tsire.

'Yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane. Yanzu har ta shiga firamare, ta fi sa'o'inta tsawo da surutu. In mata suka ce, "Kai, yarinyar nan tubarkalla," sai in sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Amma ina ji sarai.