Lambobi Shida da Hannun Ƙanena

Ƙanena ya yi shekara huɗu yana karatun kwamfuta a Kano, sannan ya dawo Haɗeja da takardar shaida da akwatin kayan aiki. Mahaifiyarmu ta ɗauka duk wanda ya karanci kwamfuta akwai ofis mai sanyi da ke jiransa a Abuja, kuma ba ita kaɗai ke da wannan zato ba. Ni da nake aikin rediyo na sha karanta tallan makarantu masu irin wannan alkawari, amma a cikin waɗanda na sani ban ga wanda aka kira ba. Aikin da ke akwai a garinmu shi ne wayar da ta faɗa ruwa, da cajar banza da ke ƙona gidan caji, da batirin da zafin bazara ke kumburawa har ya ɗaga gilashi. Da ƙanena ya gaji da rubuta takardun neman aiki sai ya kama shago a layin masu gyaran waya.

Yawancin mutanen layin canja gilashi da batir suka iya. Shi kuwa injin wayar yake gyarawa, wato ɗan falankin nan na ciki da komai ke manne a jikinsa. Yakan sa ido a madubin ƙara girma, ya riƙe hantsaki da hannun dama, ya ɗauke wani abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya sa sabo, ya liƙe da dalma. Duk sana'ar tasa a yatsu uku take. Saboda haka ba ya shan shayi mai kauri da safe, kuma idan ya yi doguwar tafiya a babur sai ya zauna rabin awa kafin ya taɓa aiki, wai girgizar ba ta gama fita daga hannunsa ba.

Layin ba wurin zaman lafiya ba ne. Wutar lantarki takan ɗauke kwana biyu, ta dawo da ƙarfi ta kashe duk abin da ta tarar a jone. Na taɓa ganin batir ya fashe a hannun wani mai gyara da ya zungure shi da sukudireba, wuta ta cinye masa gira da rabin gemu. Na ga wani direba ya rotsa wayarsa da ƙasa ya bi ta da dunduniya, saboda saƙonnin talla sun hana shi ganin saƙon da yake jira. Mari da cin kwala kuwa kusan kullum ne, kuma dalilin ɗaya ne: mai waya ya ce an sauya masa wani abu a ciki.

Wannan zargi shi ya haifar da ƙa'idar layin. A gaban mai kaya ake buɗe waya, a gabansa ake rufewa. Mai ita zai tsaya a kanka yana numfashi a wuyanka, bai san sunan ko abu ɗaya da yake kallo ba, amma yana kallo, kuma kallon ne shaidarka. Ƙanena bai bi wannan ba. Ya ce aikinsa ba ya son iska, ba ya son a jingina da tebur, don haka ya yanke lungun shagon da katako, ya sa ƙofa, ya shige da madubinsa ciki. Dattijon da ke rumfar kusa da shi, wanda ya fara gyaran rediyo tun kafin a haife mu, ya faɗa masa sau biyu cewa ya cire ƙofar. Ƙanena ya ce a makaranta haka aka koya musu, kuma gaskiya ya faɗa.

Daminar da ruwa ya ci gonaki da yawa ta wajen Auyo da Guri, aiki ya yi masa yawa. Mutanenmu sun ji cewa shinkafa na tsotse ruwa daga waya, kuma shinkafa ba abin nema ba ce a nan, don haka wayoyi suka riƙa zuwa a binne cikin ledoji da kwanuka. Wata Asabar ina shagon, na kawo kwamfutata a share mata fanka, sai wani masunci daga wajen Guri ya shigo. Zai kai shekara hamsin da 'yan kai, dogo, mai faffaɗan tafin hannu. Ya ajiye ƙullin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a kan tebur ya kwance, waya na tsakiya.

"Baba, wayar za a gyara ko shinkafar za a casa?" in ji ƙanena.

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Injiniya, kai dai tashe ta. In ta tashi shinkafar taka ce."

Ya ce daga kwalekwale ta suɓuce masa, kuma lambobin masu sayen kifinsa duk suna ciki. Da ƙanena ya ɗauki wayar zai shiga lungu sai mutumin ya miƙe zai bi shi. Ƙanena ya ce masa wurin mutum ɗaya yake ɗauka, ya nuna masa benci. Ya zauna kusa da ni sama da awa ɗaya. Mun yi hirar ruwa da kifi, amma na lura idonsa bai bar ƙofar ba. Wayar ta tashi. Ya tafi yana sa albarka, bayan kwana uku ma ya aiko da bandar kifi.

Ranar Laraba ta sama sai hotunan mata tsirara suka fara fita daga lambarsa, da sunansa da hotonsa a sama. Sun je wa surukansa. Sun je wa 'yarsa da ke gidan miji. Sun shiga guruf ɗin hira na masallacinsu, inda limami da dattawan gari suke. Ya yi ƙoƙarin shiga manhajar hirar ya goge, ta ƙi buɗe masa. Ranar Juma'a ya kasa zuwa masallaci. Duk wanda ya je masa jaje tambaya ɗaya yake yi, wa ya taɓa wayar, kuma amsar ɗaya ce: wani mai gyara a Haɗeja da ya shige da ita ɗaki ya rufe ƙofa.

Mu ba mu san komai ba. Asabar bayan azahar ina zaune a kan bencin nan sai babura biyu suka tsaya. Masuncin ne da ƙannensa biyu. Na ga filafilin tuƙa kwalekwale ɗaure a jikin babur ɗaya, ban kawo komai a raina ba, domin mutanen ruwa sukan shigo gari da irinsa. Na yi wa masuncin sannu, ya wuce ni. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, fito."

Ƙanena ya fito yana murmushi, ya ɗauka wayar ce ta sake mutuwa. Mutumin ya ɗaga ta sama ya ce, "Me ka sa min a ciki da ka rufe ƙofa?"

Abin da duk mai gyara zai yi shi ƙanena ya yi, ya miƙa hannun dama ya karɓa ya duba. Masuncin ya cafke wuyan hannun, ya danne shi a kan tebur. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana jan komar kamun kifi, ƙanena ya fizga bai ko motsa ba. Ɗaya daga cikin ƙannen ya riga ya kwance filafilin. Ya ɗaga shi da hannu biyu ya sauke da gefensa, ba da faɗinsa ba.

Aikina ya saba mini da sauraron ƙara, kuma wannan ban taɓa jin irinta ba. Gajeriya ce, kamar an taka busasshen kara. Ƙanena bai yi ihu a bugun farko ba, bakinsa kawai ya buɗe. A na biyu ya yi. Na tashi zan riƙe filafilin, ɗaya ƙanen ya naushe ni a baki ya tura ni kan benci, muka faɗi ni da bencin. Daga ƙasa na ga bugu na uku. Na ga yatsan tsakiya ya juya ta inda yatsa ba ya juyawa.

"Da wannan hannun ka yi," in ji masuncin, sannan ya saki.

Suka ɓalle ƙofar da ƙafa. Suka fito da madubin suka buga shi da kwalta, suka watsar da wayoyin mutane da ke jiran gyara, suka bi su da filafili. Jama'a suka taru, kuma a irin wannan taro ba a tambaya. Wani daga baya ya ce ɓarawon waya aka kama, maganar ta zagaya kafin in miƙe tsaye. Wani ɗan acaɓa da bai san kowa a cikinmu ba ya haure ƙanena a haƙarƙari yana ƙasa. Dutse ya fasa wa ƙanena goshi. Na ji ana cewa a jawo shi waje.

Dattijon rumfar kusa ne ya hana. Ya ratsa taron ya kwanta a kan ƙanena da jikinsa, ya ce duk mai son bugu ya fara da shi. Sauran masu gyara suka fito da benci da ƙarafan rumfa suka yi shinge. An fasa wa ɗaya daga cikin ƙannen kai kafin 'yan sanda su iso. Masuncin bai gudu ba. Yana tsaye a inda yake, wayar na hannunsa.

A asibiti hoto ya nuna karaya biyar, uku a yatsu, biyu a bayan hannu. Aka ɗinke goshin, aka sa wa hannun filasta. Abin da ƙanena ya fara tambayar likita shi ne ko yatsun za su lanƙwasu kamar da. Likita ya ce sai an kwance za a sani.

Bayan kwana biyu aka zaunar da mu a ofishin 'yan sanda, da dattawa daga ɓangarorin biyu. Kowa na magana a lokaci ɗaya. Na nemi izini in yi wa masuncin tambayoyi, aka ba ni. Na bi da shi yadda nake bi da baƙo a ɗakin shiri, daga ƙarshe zuwa farko. Yaushe hoton farko ya fita? Laraba da hantsi. Talata fa, wayar lafiya? Lafiya lau. Akwai wanda ya kira shi da bai sani ba? Ya ce akwai. Wani ne mai ladabi, mai kyakkyawar Hausa, ya ce suna rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa domin tallafi. Ya ce saƙo zai shigo da lambobi shida, a karanta masa don a tabbatar da suna.

Na tambaye shi ko ya karanta.

"Sau biyu ma," in ji shi. "Layin ba kyau."

Wani ɗan sanda ya bayyana masa cewa lambobin nan su ne makullin manhajar, wanda ya ba wa su shi ya shige da sunansa. Ya sake bayyanawa, domin karon farko bai shiga ba. Irin wannan kira ni ma ina samunsa, kamar yadda nake samun saƙon na ci kyautar gasar da ban shiga ba, kuma mun sha yin gargaɗi a kai a rediyo. Amma mutumin da ruwa ya cinye wa gona da rumbu, idan aka ce tallafi, ba ya tuna gargaɗi. Masuncin ya dubi tafin hannunsa ya daɗe. Sannan ya tambaya wane ne mai kiran, a ina yake. Aka gwada lambar, a kashe take. Har yau ba wanda ya san shi.

Ya nemi a kai shi asibiti ya roƙi gafara. Mahaifiyarmu ta tare ƙofar ɗakin ta ce ba zai shiga ba, kuma bai shiga ba. Amma a lokacin hotunan ba su daina fita ba, mai lambobin na ci gaba da aikawa. Da ƙanena ya ji haka sai ya ce in karɓo wayar. Yana kwance, hannu a rataye, ya riƙa faɗa mini abin da zan danna ɗaya bayan ɗaya, har muka ƙwato manhajar muka sa mata makulli na biyu. Ya ce in rubuta wa mutumin makullin a takarda, in gaya masa ko limami ne ya tambaya kada ya karanta. Maganar shari'a dattawa suka kashe ta a tsakaninsu. Ni ban so haka ba, amma ƙanena ya ce ba ya son ya sake ganin fuskokinsu, ko da a kotu ne.

Da aka kwance filastar, babban yatsa da ƙaramin sun dawo daidai. Manuni ya lanƙwasu rabi ya tsaya. Na tsakiya ya warke a karkace. Ya yi wata uku yana matsa ƙwallon roba, yana tsince ƙwayar wake daga faranti. Sannan ya ari madubi, ya ɗauko wata tsohuwar wayarsa da ta mutu don gwaji. Ina wurin. Hantsakin ya kai kan abin da yake so, ya yi rawa, ya ture na kusa da shi. Ya sake, haka. Ya koma hannun hagu, dalma ta zube ta haɗe ƙafafu uku na abin da yake liƙawa. Ya gwada kusan mako biyu, daga nan ya mayar da madubin.

Yanzu sola yake haɗawa, shi da wani abokinsa, a gidaje da gonakin rani ta wajen Auyo. Aiki ne na ɗaga farantin hasken rana da ɗaure wayar wuta mai kauri, hannun na iya masa, sai dai lokacin sanyi yakan yi masa tsami. Kwanakin baya wayata ta daina caji, na kai masa gida bisa sabo. Ya jona ta, ya karkata cajar, ya kara a kunnensa ya ɗan girgiza. Ya ce gidan caji lafiya yake, wani ɗan ƙaramin abu ne a bayansa ya ƙone, ya faɗi sunansa. Ya ce a layin babu mai iya cire shi, sai dai in ba direba ya tafi da ita Kano. Washegari na kai ta tasha.