Layin Yaya

A layin masu shaguna kowa Sai Gobe yake kiransa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Idan ka kawo masa hoton fasfo zai gyara maka fuska har ka yi zaton ka yi ƙiba. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ba a tsaya a kansa ba, to ya shiga layin gobe. Ƙofar shagon ta daɗe tana kuka, kwalbar man na nan kan taga.

Shagon ɗaukar hoto da buga takardu ne, kuma yayansa ne ya kafa shi. Yaya shi ya sayi kwamfutar, ya sa mata manhaja mai lasisi, ya ɗaure lasisin da akawun ɗinsa, akawun ɗin kuma da lambar wayarsa. Ya sha cewa, "Zo ka zauna in nuna maka yadda ake shiga, rai ba a hannuna yake ba." Sai Gobe ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ina za ka?"

Ashe da inda za shi. Ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi, ya bar mata da 'yarsa Ummi, wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba. Wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ya ɗauki hoton rabin unguwa, nasa hotunan ba su cika tafin hannu ba. Na wayar matarsa sun tafi da wayar ranar da aka yanke mata jaka a kasuwa. Sauran suna cikin kwamfutar shago, har da wanda ya ɗora Ummi a wuya tana jan kunnensa.

Matar Yaya ta miƙa wa Sai Gobe wayar marigayin ta ce ya riƙa sa wa layin kati kada ya mutu. Ta kuma roƙe shi ya wanko hotunan. Ya ce, "Anti, wannan ai aikin minti biyu ne." Mutumin da firinta ke gefen gwiwarsa tun safe har yamma! Wayar ta shiga durowa, hotunan suka zauna inda suke, Ummi ta yi ta girma.

Rannan aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi tari ɗaya ta mutu. Injiniya, mai gyaran da ke ƙarshen layi, ya buɗe ta ya ce babban allon da ke cikinta ya ƙone, manhajar ma ta dagule, gara a sake allo a yi mata fomatin.

"Akwai abin da kake so in kwashe kafin in goge? Zai ɗau lokaci fa."

Masu jiran fasfo sun cika benci. Sai Gobe ya tuna Yaya ya taɓa cewa komai yana da kwafi a akawun. Ya ce, "Goge kawai, malam, duk suna can."

Kwamfutar ta dawo da sauri kamar sabuwa, amma da wani rubutu a kusurwar ƙasa: manhajar ba ta da lasisi, a kunna ta. Injiniya ya ce tunda an sake allo, ba ta gane kanta ba, sai an ba ta lambar lasisi. Suka juya akwatin kwamfutar suka sami 'yar takardar da aka manna a gefe. Zafi da tsumman shara sun cinye rabinta. Injiniya ya haska da fitilar waya, Sai Gobe yana karantowa.

"Takwas."

"Ba takwas ba ce, B ce."

Suka sa takwas, ta ƙi. Suka sa B, ta ƙi. Suka yi ta canki-canka har ta ce sun gwada da yawa.

Injiniya ya goge zufa. "Saura hanya ɗaya. Mu shiga akawun ɗin Yayanka. Lasisin yana can, hotunan ma suna can. Za su tura 'yar lamba zuwa layinsa, ka karanto mini, shi ke nan."

Sai Gobe ya jawo durowa. Aka yi wa wayar caji ta kunnu, amma layin babu rai. A ofishin kamfanin waya wata ma'aikaciya ta duba ta ce layin ya daɗe ba a amfani da shi, an sayar wa wani.

Ya koma shago ya danna lambar Yaya da ya haddace tun yana saurayi. Da ta fara ringin sai da ya dafa tebur. Wata dattijuwa ta ɗauka. Ya gaishe ta, ya yi bayani tun daga farko: yayansa ne mai layin, ya rasu, yanzu saƙo zai shigo mata, lambar ciki kawai yake roƙo.

"Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Amma ɗana ya gargaɗe ni, duk wanda ya kira ya ce in karanto masa lamba, ɓarawo ne."

"Baba, wallahi hoton marainiya ne a ciki."

"Wancan ma da ya kwashe wa maƙwabciyata kuɗi, da wallahi ya fara. Ka yi haƙuri, ɗan nan."

Ta kashe. Ya sake kira, ya tura saƙo, ya sa matarsa ta gwada da tata wayar ko muryar mace za ta yi tasiri. Daga ƙarshe aka toshe su duka. Kuma wa zai ga laifinta? Shi kansa ya sha ba kwastomomi wannan shawarar.

Injiniya ya ce zai iya bi ta bayan gida ya kawar da rubutun kusurwar, kwamfuta ta yi aiki lafiya lau. Sai Gobe ya tambaye shi ko hakan zai dawo da hotunan. Injiniya ya girgiza kai. Sai Gobe ya ce to a bar rubutun. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa.

Da ya gaya wa matar Yaya, ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai ci gaba da ninke kaya.

Ummi ce ta biyo ta shago bayan an tashi makaranta, da jakarta a baya. Ta ji labari wajen uwarta. Ta hau kujerar da ake zaunar da masu fasfo, tana kaɗa ƙafa.

"Baffa, to da wa Abbana ya yi kama?"

Yaya dogo ne, baƙi, mai wushirya. Sai Gobe gajere ne, ya ɗauko hasken mahaifiyarsu. Ko a ɗaki ɗaya ka gan su ba za ka ce ciki ɗaya suka fito ba.

"Da ni," ya ce.

Ta sauko ta matso kusa, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske, yadda take ganin yana yi wa mutane.

"To tsaya, Baffa, kar ka motsa," ta ce. "Bari in kalle shi sosai."