Ƙafafun da Gilashi Ya Riƙe

Shekara goma sha tara Dalhatu ya yi yana gyaran rediyo da waya a bakin kasuwar Sule Tankarkar, kafin a ba shi kula da burtsatsen sola na mashayar shanu. Mutum ne mai kafiya, in ya ce abu zai gyaru, to gara ka tafi ka dawo. Da hannunsa ya haɗa wa tankin 'yar kwamfuta, faranti guda bai fi tafin hannu ba, mai ƙafafu arba'in na jona waya. Ya ɗora mata gilashi mai nuna yawan ruwa. Makiyaya kan leƙa su san ko su jira ko su kora gaba.

Sai ciwon ido ya kama shi, irin mai cin gani daga gefe. Likita a Gumel ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Dalhatu bai gaya wa kowa ba, har matarsa Zaituna. Tsoronsa ɗaya ne: ranar da Bappa Cindo, shugaban makiyayan, ya ji, za a ce ya huta, a ba wani. Shi kuwa aikin nan ne kaɗai ke sa ya ji har yanzu ana buƙatarsa.

Da karanta gilashin ya fara gagararsa, sai ya yi dabara. Zai sa ƙararrawa mai kuka iri uku, ruwa ya cika, ya yi rabi, ya kusa ƙarewa, da madannan da zai gane da hannu. Amma gilashin ya cinye ƙafafu fiye da ashirin, sauran kuma famfo da ma'aunin ruwa sun kama. Sai ya zare gilashin, ya ce wa mutane ya lalace. Ya jona ƙararrawa da madannai a gurbinsa, shiru kake ji. Ashe cire waya bai isa ba. Kwamfutar tana nan tana tsare wa gilashi ƙafafunsa, sai an goge wani layi a rubutun saitinta.

Kwana uku yana manna fuska a laftof, haruffan suna gudu kamar kiyashi. Ran na huɗu da hantsi ya kira matarsa.

"Zaituna, zo ki karanta min wannan. Idona ya gaza."

Ta zauna, ba ta ko dube shi ba. "Malam, tun damina na sani. Sau nawa na miƙo maka ruwa ta hagu ka bar ni riƙe da kofi? Jira nake ka faɗa."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ba ta jin Turanci, sai ta riƙa kiran harafi ɗai-ɗai, har ya ce, "Shi ne, goge."

Washegari ƙararrawa ta yi kuka a mashaya, shanu suka ɗaga kai. Bappa Cindo ya matso ya tambayi yaushe gilashi zai dawo.

"Ba zai dawo ba, Bappa. Lafiyarsa lau, ƙarya na yi muku. Ni ne ba na gani."

Tsohon ya jingine sandarsa. Ya yi masa addu'a a hankali, sannan ya kama hannunsa ya ɗora a kan madannan.

"To, Malam Dalhatu, mu ba mu san wannan kukan ba. Danna ka koya mana."