Farautar Mutum Biyu

Ni da Yayana mun yi shekaru a Dubai muna gardama guda, ba mu kuwa gama ta ba: tsakanin farautar zabin daji da ta barewa, wacce ta fi wuya, wacce ta fi daɗi. Shi ɗan zabi ne, ni ɗan barewa. Abin dariya, rabonmu da riƙe bindigar toka tun gemuna bai gama tsirowa ba. Shi yana ɗaure kayan 'yan kasuwa a wani shagon kago mai aika kaya ƙasashen waje a Al Sabkha, ni ina tuƙa motar kai kaya. Amma da mun koma ɗakinmu na Hor Al Anz mun sa shinkafa a gaba, sai ka rantse sarakunan baka ne suka haɗu.

A wurin Baba muka gaji abin. Maharbi ne, kuma yana da doka: in mutum biyu suka shiga daji, ba a kiran suna, don murya tana korar nama. Fito ake yi da baki, wani iri mai kama da kukan tsuntsu, ɗan'uwanka ya amsa. Kuma ba ka kama hanyar gida sai wanda kuka shiga tare ya amsa maka. Ranar da za mu taho a 2016, Baba bai yi mana doguwar nasiha ba. Ya riƙe hannuna na ɗan lokaci, ya ce, "Tare kuka tafi, tare za ku dawo mini." Ni ya kalla da yake faɗa, ko da yake ni ne auta.

Hujjata a kan barewa ba ta canzawa. Ka ɗebi ƙasa ka watsa ka ga inda iska ta dosa, ka yi rarrafe cikin ƙarangiya, tari ya taso maka ka haɗiye shi. Kara ɗaya ya karye a ƙarƙashin gwiwarka, shi ke nan, sai dai ka hango farin gindinta tana tsalle. In kuwa Allah ya ba ka, unguwa ta ci nama, fatar ta zama buzu. Yaya sai ya bar ni na gama kumfar bakina, ya suɗe yatsunsa, sannan ya ce barewa kunne biyu gare ta da hanci ɗaya, zabi kuwa garke ne, ido ko ta ina. Ɗaya ta hango ka, duk ta tona maka asiri. Ba sa ma tashi sama, gudu suke a ƙasa su bar ka da haki. Dole sai mutum biyu, mai kora ya zagaya ta baya, mai tare ya laɓe a gindin sabara. Wai daɗin ma a nan yake, in ka kuskure akwai wanda zai yi maka dariya har gida. Mai barewa kuwa, in ji shi, ko ƙarya ya shara babu mai ƙaryata shi, shi ya sa nake son ta.

Wata Juma'a muka fita bayan gari shan iska, sai ga barewa tsaye a bakin titi cikin rairayi, tana kallonmu ko gezau. A can ba a taɓa su, sun saba da mutane. Yaya ya yi dariya har da buga gaban mota, ya ce ga jarumar tawa tana jira a ɗauke ta hoto. Na yi kwanaki ina jin haushi. Na rama da wani bidiyo da na samu a waya, na Turawa masu farautar talotalon daji, mutum ɗaya zaune a gindin itace yana kwaikwayon kukansu har su zo gabansa. Na ce ga zabon da ya ƙoshi, kuma mutum ɗaya ya ishe shi. Ya kalla ya taɓe baki, ya ce tausayin mutumin yake ji, ko abokin hira ba shi da shi.

Fiton nan bai bar shi a gida ba. Cikin cunkoson Al Sabkha, ga masu tura kaya, ga masu ciniki da yaruka iri-iri, sai in ji shi daga tsallaken titi. Mutane su waiwaya suna neman tsuntsu. Kunya takan kama ni, ga shi nawa fiton bai taɓa fita da kyau ba, amma in ban amsa ba ba zai daina ba.

A 2020 korona ta shigo. Yaya ya fara da zazzaɓi, sai tari, sai numfashi ya soma gagararsa. Aka kwantar da shi a asibiti, aka hana kowa shiga. Waya ce kawai tsakaninmu. Wata safiya ya kira, na ɗauka, sai na ji wata iska tana fita a hankali, tana yankewa. Na daɗe kafin na gane abin da yake ƙoƙarin yi.

"Auta, fiton ya ƙi," ya ce.

Na yi dariyar ƙarfin hali don kada ya ji kukana, na ce ya bari sai ya warke. Ya tambaye ni ko yanzu na yarda zabi sun fi. Na ce Allah ya kiyaye, sai mun koma gida Baba ya raba mu. Ya ce inshallah. Washegari aka sa masa na'urar numfashi, ban ƙara jin muryarsa ba.

A maƙabartar bayan gari muka binne shi, mu 'yan kaɗan, kowa da takunkumi, kowa nesa da kowa. Na sha kuka a rayuwata, amma ban taɓa jin zuciyata ta zama fanko irin na ranar ba.

Daga baya jirage suka dawo tashi. Duk wanda ya matsu da gida ya tafi, ni na zauna. Ina cewa aiki ne, alhali ba aiki ba ne. Ban san da wace fuska zan yi sallama a zauren Baba ni kaɗai ba. Kullum muka yi waya sai mu gaisa, ya sa mini albarka, mu ajiye. Haka shekara ta zagayo.

Wata rana a 2021 Baba ya ce ya ji labarin hanya ta buɗe. Na ce haka ne. Sai ya ce, "Ka je inda ka bar shi ka yi masa fito?" Na ce ban yi ba. Ya ce in je.

Na je bayan la'asar, rana na dukan rairayi. Na yi masa addu'a, na sauke takunkumina, na jiƙa leɓena. Fiton ya fita a karkace kamar kullum. Na jira yadda ake jira a daji, na sake yi, na sake jira. Babu abin da nake ji sai ƙarar motoci daga babban titi. Na durƙusa na gaya masa ya ci gardamar, zabi sun fi, farautar mutum ɗaya ba ta da daɗi ko kaɗan.

Daga nan inda nake durƙushe na kira gida.

"Baba, na yi. Bai amsa ba."

Na ji ya ja numfashi mai tsawo.

"Ni ma tun bara nake yi masa daga nan," ya ce. "Taho gida, auta. Kai dai ka amsa mini."