Sabon Injin Ba Gaggawa

Yayana direban tasi ne, shekara ashirin da bakwai yana riƙe da sitiyari. A tasha ba mai kiransa da sunansa, Ba Gaggawa suke ce masa. Ko jirgi za ka kama, in ka ce ya ɗan taka, sai ya kalle ka ta madubi ya ce, "Za mu isa." Ni kuwa Auta yake ce min har yau, alhali jikokina biyu. Da motar nan ya ƙarasa min makaranta bayan rasuwar babanmu, kuma a but ɗinta ya ɗauko keken ɗinkina na farko, murfin a ɗaure da igiya yana ta lilo.

Mutum ne mai tsabtar tsiya. Tsumma uku ne a motarsa, na gilashi, na kujera, na hannu, kuma kada ka kuskura ka haɗa su. In ya ari abu, sai ya mayar da shi ya fi yadda ya karɓa. Ya taɓa aron bokitina, ya dawo min da shi da sabon mariƙi. Na ce, "Yaya, wannan kuma ai cuta ce." Ya yi dariya ya tafi abinsa.

Motar dai ta tsufa. Jikinta fes, amma injin ya gaji, in ya tayar da ita da safe sai maƙwabta su rufe taga saboda hayaƙi. Abin yana ci masa rai, don na sha ganinsa yana kashe ta tun daga nesa, ya gangaro da ita shiru zuwa ƙofar shagona.

Sai bara gwamnati ta fito da shirinta. Kowane direban haya ya kawo tsohuwar motarsa mai shan fetur, a ba shi mai lantarki, gwamnati ta ɗauki mafi yawan nauyin. Wata uku aka bayar. Bayan nan motar fetur ba za ta ƙara ɗaukar fasinja a cikin gari ba. Wato ko ka samu sabuwar, ko ka ajiye sana'a. Yaya da bakuna bakwai a gida, ya yi murna irin wadda ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Auta, an ce ba ta yin ƙara. Zan riƙa jin gulmar fasinja sosai."

Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka ya kawo min fom ɗin shago. Ranar aiki ya yi min yawa, wata mata tana tsaye a kaina tana masifa a kan hannun riga. Na cike gaban takardar a kan teburin yanka, suna, lambar mota, lambar inji, duk na kwafe daga takardun motar. Ya juya ta ya ce, "Bayan fa? Na ga rubutu."

Na ce, "Surutun hukuma ne, Yaya. Sa hannu kawai."

Ya sa hannu. Wallahi har yau ina jin muryata tana faɗin wannan maganar.

Abin da ya yi daga nan bai gaya wa kowa ba sai bakanikensa. Kwana goma kafin ranar duba motoci ya sa aka sauke tsohon injin, aka ɗora wani na hannu mai lafiya, aka ba masu sayen tsofaffin ƙarafa na da. Daga baya bakaniken ya rantse min ya hana shi. Ya ce masa, "Haba Ba Gaggawa, motar nan fa murƙushe ta za su yi!" Yaya ya ce, "Su yi abin da suke so da ita. Amma ba za a buɗe bonet ɗina ma'aikaci ya toshe hanci ba."

Ranar dubawa na rufe shago na raka shi. Babban fili ne, layi har titi. Wasu turo motocinsu suka yi, wata ma da igiya aka jawo ta, ƙofa ɗaya babu. Duk aka karɓa. Tamu kuwa sai ƙyalli take, Yaya ya sa farar rigarsa, yana ta amsa tsokana. Wani ya ce, "Ba Gaggawa, gasar kyau aka ce maka?"

Wata matashiyar ma'aikaciya ce ta zo kanmu, da tocila da fom a hannu. Ya buɗe mata bonet da kansa, ya ja baya yana jiran yabo. Ta haska gefen injin, ta dubi takarda, ta sake haskawa, ta goge wurin da yatsa.

"Baba, lambar injin ba ta yi daidai da ta takarda ba."

"Eh, na canja shi," in ji Yaya, har da murmushi. "Wancan ba ya da daɗin gani, 'yata."

Sai ta juya fom ɗin, ta ɗora yatsa a layi na biyu, ta miƙo min. Na karanta: motar da lambar injinta ta saɓa da takardunta ba za a karɓe ta ba. Layi na biyu fa! Ba can ƙasa ba.

Na hau faɗa, don abin da na iya ke nan. Na ce ga gwangwanaye kun karɓa, mai lafiya ce za ku ƙi? Yarinyar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an sa dokar ne saboda motocin sata, kuma ita ba ta da ikon tsallake ta. Ta dubi Yaya ta ce, "Baba, da da tsohon ka zo, ko ba ya tashi, da yanzu ka wuce. In za ka iya dawo da shi kafin a rufe shirin, ka neme ni."

Kwana tara suka rage. Gyaran takarda a ofishin rajista kuwa aka ce sai wata biyu. Muka nufi wurin masu ƙarafa. Yaya ya yi kwana huɗu yana tonon tsibin ƙarfe da hannunsa, farar rigar ta koma baƙa. A rana ta biyar mai wurin ya tuna: injin an fasa shi da guduma tun makon da aka kawo shi, an loda a tirela.

A hanyar dawowa na gaya masa gaskiya, na ce ban karanta bayan takardar ba, laifina ne. Ina so ya zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Ni na canja inji, Auta, ba ke ba." Ya sa sigina, ya shiga kwana a hankali.

Yanzu a wurin cajin motoci yake, yana wanke wa abokan aikinsa na da sababbin motocinsu. Layi suke yi a kansa, don ba mai wanki irin nasa, tsumman nan uku suna rataye a kafaɗarsa. Har yau Ba Gaggawa suke ce masa, sai dai ba mai dariya in an faɗa. Ya rame. Baƙin cikin abin nan ni ma ya hana ni sakat, in na ga takarda sai na juya bayanta, ko ta awon riga ce.

Motar tana ƙofar gida a lulluɓe. Ya ƙi sayarwa. Shekaranjiya na biya da safe, na same shi ya yaye tamfol, yana zaune a ciki, ƙofa a buɗe. Matarsa ta ce kullum haka yake kafin ya fita, minti biyar, don kada batir ya mutu. Ya hango ni ya yafito ni da hannu, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Ba hayaƙi, ba kakkarwa, ba wanda ya rufe taga.

"Auta, zo ki ji," ya ce. "Tun da na saye ta ba ta taɓa yin lafiya irin ta yanzu ba."

Na tsaya na ji. Da minti biyar ɗin suka cika ya kashe ta, ya ja tamfol ya rufe, ya ɗauki bokitinsa.