Kajin Stamena da Koriyar Gwaiduwa

Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka da Stamena, shinge ɗaya ne tsakaninmu. Ba ta da fara'a, girkinta kuma sai dai a ci don yunwa. Amma a kan kaza, duk ƙauyenmu ba wanda ya kama ƙafarta.

Tana da shekara ashirin aka kawo ta gidan Milutin, ta tarar da uwar mijinta na kiwon kajin nan da wuyansu ba gashi, jajir kamar an fige. Tsohuwar ta mutu, Stamena ta gaje su. Milutin ma ya bi uwarsa, yara suka tafi birni, aka bar ta da kaji arba'in da zakara biyu.

Ba ta taɓa kulle su da rana ba. Da safe takan buɗe musu su bazu cikin garka, ƙarƙashin itatuwa. Masara sai da yamma, ita ma ba da yawa ba, don dai su san hanyar gida. Sauran abincinsu ƙasa ce ke bayarwa. Takan yanko ganyen nan mai ƙaiƙayi a bakin rafi, ta zuba masa tafasasshen ruwa, ta kwaɓa da dusa da ruwan cuku. Tana da tsofaffin katakai da ta shimfiɗa a wuri mai laima. Kullum sai ta ɗaga biyu, kaji su rufar wa tana da dodon koɗin da ke ƙasa. Na sha ce mata wahalar ta yi yawa. Amsarta ɗaya ce, wai kazar da ake kai wa abinci har baki ba ta da bambanci da jikokina.

Sai aka yi shekarar fari. Masara ta bushe a tsaye tun kafin ta yi goyo. A watan Satumba ɗanta Obrad ya zo daga birnin Kragujevac, ya leƙa rumbu, ya fito ya ce a yanka talatin a sa a firiza, a bar goma. Ba mugun yaro ba ne, gaskiya ya faɗa. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, ba ganye, ba tana.

Ta ce, "Obrad, kakarka ta riƙe kajin nan a shekarar da mutane ma ba su ƙoshi ba. Ka ba ni zuwa slava. In ka zo ba sa ƙwai, ni zan miƙa maka wuƙar."

Slavarsu, wato bikin waliyyin gidansu, ta Mika'ilu ce, a watan Nuwamba. Ya yarda.

Daga nan ta shiga daji da buhu tana tsintar jir, ƙwallon manyan itatuwan da ke zuba da kaka. Mu dai aladu muka sani da shi, ban taɓa ganin an ba kaza ba. Ta fasa da guduma, ta busar a tanda, ta niƙa, ta haɗa da kabewa. Kaji suka ci, ƙwai bai tsaya ba. Ta riƙa ɗaga min kwando ta saman shinge don in gani.

Kuskurenta na duk matan garinmu ne. Idan slava ta kusa, ba mai fasa ƙwai, tarawa ake yi don baƙi. Mako uku Stamena ba ta ga cikin ko ɗaya ba. Burodin biki da su kek kuwa matar Obrad ce ke kawowa daga birni, saboda kowa ya san hannun Stamena.

Ranar bikin, baƙi sun zauna, an kunna kyandir, ni da ita muna kicin muna ɓare dafaffen ƙwai talatin da za a jera gefen cuku. Na raba na farko, gwaiduwar koriya shar kamar zaitun. Na biyu haka, na goma haka. Na ce mu ba kare, mu yi shiru, in kawo nawa. Ta ce nawa ba su ne ake shari'a a kansu ba. Ta ɗauki farantin ta kai tsakiyar tebur.

Obrad ya ce ai ga shi nan, ta ciyar da su guba, yanzu ko naman ba mai ci. Stamena ta barbaɗa gishiri, ta cinye uku a tsaye.

Kawu Radoye, wanda ya yi rayuwarsa yana kiwon aladu, ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ci. Ya tambaye ta ko ta jiƙa jir ɗin. Ta ce a'a.

Ya ce, "Ke Stamena, kin tsufa ba ki san jir na da ɗaci ba? Shi ya rina gwaiduwar. Uwata a rafi take ɗaure buhun mako guda kafin ta yi mana tuwonsa. Alade ne kaɗai ke cin sa haka, shi ma don ba shi da kunya."

Aka yi dariya, har Obrad. Stamena ta tuna wa ɗanta cewa ƙwai aka ce, ba a yi maganar launi ba. Ya ce ta ci nasara, amma kada ta aiko wa yaransa ko guda.

Washegari na raka ta rafi, muka ɗaure buhu huɗu a jikin saiwa, sanyin ruwan yana yanka hannu. Kafin Kirsimeti gwaiduwa ta koma rawaya. Da kanta ta yanka tsofaffi shida da suka daina ƙwai, ta ce waɗannan ba ɗanta ne ya yanke musu hukunci ba. Sauran talatin da huɗu duk sun ga bazara.

Bana shekarunta saba'in da tara. Masara ta yi kyau, rumbu cike, amma jiya ta ƙwanƙwasa min shinge, wai jir ya fara zuba, in ɗauko buhuna. Na ce gwiwata na ciwo. Ta ce tata ma haka, muka tafi.