Barewar da Na Kora

Shekarar da wasu Zabarmawa suka sauka unguwarmu a Bodinga, gudun aikin tilas na Faransa, ina da shekara bakwai, bakina kuwa ya girme ni. Suna da ɗiya, Biba, ba ta jin Hausa. Da an yi isha'i mun kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin Kaka, sai Biba ta tsaya jikin rumbu tana leƙe. Ni na fara kwaikwayon maganarta, sauran yara suka ɗauka.

Kaka ba ta tsawata ba. Ita tatsuniyarta ba a jin ta baki rufe. Takan tsaya ta yi tambaya, abin da ka ce kuwa shi zai faru.

Ran nan ta kawo ta wata barewa da fari ya koro, ta iso tafkin awaki da ƙishirwa.

"To, mi za a yi mata?"

Na yi caraf: "A kore ta!"

"Anka kore ta. Ta ƙare. Ku tashi."

Ko gyaɗar da muka binne a toka ba ta gasu ba! Muka yi ta magiya. Kaka ta ce, "Ku tambayi Ladi sarkin baki, ita ta kashe tatsuniyar."

Kwana biyu babu tatsuniya, babu mai yi mini magana. Na uku na turo baki: "To, a bari ta sha."

Barewa ta sha. Sai tafki ya ƙafe, ita kaɗai ta san waƙar kiran ruwa. "Ni ban iya ta ba," in ji Kaka, "ta ƙasarsu ce." Ta dubi rumbu, ta dube ni.

Na tashi na jawo Biba. Hannunta sanyi ƙalau. Tabarma ta cika, dole ni na matsa. Kaka ta ɗauko waƙar da ta ji uwar Biba na yi wajen daka, ta ɓata ta da gangan. Biba ta tuntsire da dariya, ta gyara. Muka yi amshi, yau mu ne masu karkataccen harshe. Aka yi ruwa, tafkin awaki ya cika.

Ban gane ba sai da na je makarantar 'yan mata a Kano, aka yi ta dariyar Sakkwatancina, na tsaya jikin bango da kwanon abincina. Can na san irin sanyin hannun nan.

Har yau ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Shi ya sa in na hango baƙo tsaye a gefe, ba na jiran kwana uku. Matsawa nake yi.